Zauren Manoma: Inda Asara Ke Shigar wa Mai Noman Auduga

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan auduga suke, kuma daga arewacin jihar Kaduna suka fito. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo. Da hekta muka yi lissafi. Mai auna gonarsa da eka ya tuna hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara sai da na gama da masara da dawa sannan na shuka auduga, wajen ƙarshen Yuli. Ta tashi kore shar, na sa mata taki, amma ƙwallayen sama ba su buɗe ba, waɗanda suka buɗe kuma ba nauyi. Iri ne ba kyau ko ƙasar ce ta gaji? (Wani manomi daga Soba)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a ɗora wa iri ko ƙasa laifi a duba ranar shuka, domin abin da ka kwatanta alamar makara ce. Auduga tana da kwanakinta da ba a iya rage mata. Daga shuka zuwa furen farko wajen wata biyu ne. Daga fure zuwa ranar da ƙwallo zai tsage farar auduga ta fito, kwana 50 zuwa 60 ne, kuma a makonnin farko na wannan lokaci ƙwallon yake girma, zaren ya yi tsawo sannan ya yi kauri. Nan ne take tsananin buƙatar laima. A ƙasar Zazzau kuwa ruwa yakan ɗauke tsakanin farkon Oktoba da tsakiyarsa. Wanda ya shuka ran 20 ga Yuni zai ga fure wajen 20 ga Agusta, da kusan mako bakwai na ruwa a gabansa. Kai furenka ya fara ne a ƙarshen Satumba, saura mako biyu damina ta tafi. Ƙwallayen ƙasa sun ɗan samu, na sama hunturu ya riske su ba su cika ba. Ga kuma tsutsa, wadda ta hayayyafa a masara, masarar ta bushe, ta dawo kan audugarka da ta rage ɗanya a dajin.

Lokacin shuka a nan shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa makon farko na Yuli, bayan ruwa ya zauna. Mun san abin da ke kawo makarar. Abinci ne gaba, ba wanda zai ce wa magidanci ya bar dawa saboda auduga. To sai a rage faɗin gonar audugar zuwa abin da hannu zai iya shukawa a kan kari. In tsakiyar Yuli ta wuce ba ka shuka ba, shawararmu ka ba gonar wake, ka bar auduga sai baɗi.

Tunda an zo nan, ga tsarin shukar. Tsakanin kunya da kunya santimita 90, tsakanin rami da rami santimita 45, zurfi kada ya wuce santimita 3. A zuba ƙwaya huɗu zuwa shida, bayan mako uku a cire a bar tsiro biyu masu ƙarfi. Hakan zai ba ka tsiro wajen 49,000 a hekta. Masu jin tausayin cirewa su sani tsiro biyar a rami ɗaya tsawo kawai suke yi suna neman rana, ba sa yin rassa masu 'ya'ya. Taki kuma buhu huɗu na kamfa 15:15:15 a lokacin cirewa, sai buhu ɗaya da kusan rabi na yuriya a mako na shida zuwa na takwas, a binne shi a gefen tsiro. Kada a ƙara yuriya bayan fure ya yawaita, ganye zai rufe gonar, ƙwallayen ƙasa su ruɓe don rashin iska. Noman fari da maimai su kasance cikin mako shida na farko, lokacin da auduga take tafiya a hankali ciyawa kuma tana gudu.

Ruwa ma da fuska biyu yake zuwa. Auduga ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi ko da na 'yan kwanaki ne, saboda haka ba a kai ta fadama. A jigawa mai saurin bushewa ana ɗaure kunyoyi da ƙasa a tsakani don su riƙe ruwa, amma a buɗe su idan marka ta kama a Agusta. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a ƙananan hukumomi. A tambayi malamin gona abin da aka ce game da taku kafin a sayi iri.

TAMBAYA: Iri biyu ke yawo a wajenmu. Akwai anguryar da muke saya a kasuwa da mudu, akwai na kamfani a leda da ake cewa tsutsa ba ta cin sa. Wanne ya fi, kuma zan iya ajiye na kamfanin in shuka baɗi? (Wani mai karatu daga Maƙarfi)

AMSA: Ɗan'uwa, anguryar kasuwa don dabbobi da matsar mai aka fi tara ta. Daga gidan gurza take fitowa, inda audugar gonaki da yawa ta gauraya, ba wanda zai iya gaya maka wane iri ne. Wani tsiro zai nuna da wuri wani ya makara, tsawon zaren ya bambanta, kuma cutar da ke baƙanta jijiyar ganye da reshe da jar tsutsar da ke kwana cikin ƙwaya duk ta nan suke shiga sabuwar gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, ita ke da alhakin irin auduga a Nijeriya, kuma ta fitar da jerin Samcot. Samcot 9 aka ware wa shiyyar arewa maso yamma, Samcot 11, 12 da 13 kuma masu dogon zare ne. Kilo 15 zuwa 20 na iri mai gashi ya ishi hekta.

Ko daga ina irin ya fito, a gwada shi kwana goma kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle ko a binne a yashi mai laima a inuwa, a duba bayan mako guda. In 80 suka tsira, madalla. In 60 zuwa 70 ne, a ƙara ƙwaya a rami. Ƙasa da haka a mayar wa mai shi.

Na ledar da kake magana shi ne ake kira Bt. A 2018 Nijeriya ta amince da guda biyu, MRC 7377 da MRC 7361, waɗanda kamfanin Mahyco ya samar tare da IAR. An sa wa tsiron wani sinadari da ke kashe tsutsar ƙwallo idan ta ci. Wannan gaskiya ne, kuma yana rage feshi sosai. Sai dai akwai abubuwa uku da ba a cika gaya wa manomi ba. Na farko, tsutsa kaɗai yake kashewa. Darɓa, farin ƙuda, ƙwaron da ke ƙona ganye da jan ƙwaron da ke ɓata farin auduga duk suna cin sa kamar kowace auduga. Na biyu, ba a yi shi don ya jure maganin ciyawa ba, wanda ya fesa masa gilaifoset ya kashe gonarsa. Na uku, irin aure ne, ba a maimaita shi. 'Ya'yansa za su fito a rarrabe, wasu da kariyar wasu babu, amfanin kuma ya ragu. Kuma tsutsa tana iya sabawa da shi: a Indiya jar tsutsa ta daina jin sa bayan shekaru ana shuka shi ko'ina, shi ya sa ake cewa a bar 'yan layuka na audugar da ba Bt ba a gefen gona, don tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da yin yawa. Burkina Faso kuma ta bar shi a 2016 saboda zaren irin da suka yi amfani da shi ya gajarta, masu saye suka rage kuɗi. Don haka a tambayi mai sayen audugarka irin da yake so tun kafin ka biya kuɗin iri. Tazarar shukar Bt ta bambanta da ta Samcot, a bi abin da aka rubuta a jikin ledar. Irin da aka shafa wa magani, wanda za ka gan shi da launi, kada ragowarsa ta kai ga dabba ko yaro.

TAMBAYA: Na yi feshi sau biyar, duk da haka fure da ƙananan ƙwallaye suna ta zuba, ganyen kuma ya naɗe ya yi ja daga gefe kamar an babbaka shi. Mai shagon magani ya ce in ninka awon. In ninka? (Wani manomi daga Ikara)

AMSA: Kada ka ninka, Malam. Ninka awo kuɗi yake ci, ya ƙona ganye, ya kashe ƙwarin da ke taimakonka, kuma in ba maganin da ya dace ba ne ko sau goma ka ninka ba zai yi ba. Abu biyu daban ka kawo, mu ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Zubar fure ba kullum take nufin tsutsa ba. Auduga ko lafiyarta lau takan zubar da kaso mai yawa na tohon furenta da ƙananan ƙwallaye, kuma zubar tana ƙaruwa idan an yi kwanaki ba rana, ko ruwa ya kwanta, ko fari ya taɓa ta, ko ƙasar ta rasa sinadarin boron, wanda ƙarancinsa sananne ne a ƙasashen auduga na Arewa. Ka tsinci guda ashirin daga waɗanda suka zube ka duba. In da huda da kashin tsutsa a bakin hudar, tsutsa ce. In babu huda, feshi ba zai tsayar da zubar ba.

In tsutsa ce, abin da ya fi kayar da manoma shi ne lokacin feshin. Malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita da dare yake zuwa, ya ajiye ƙwai ɗai-ɗai, fari kamar kan allura, a kan sabon ganye da tohon fure na saman tsiro. Cikin kwana uku ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ƙarama tana yawo a waje, nan magani ke samun ta. Da ta girma ta shige cikin ƙwallo, an makara. Shi ya sa ake shiga gona sau biyu a mako daga mako na shida, lokacin da toho ya fara. A ratsa gonar daga kusurwa zuwa kusurwa, a tsaya a tsiro 25 nan da can, a duba sama, a buɗe ganyen da ke rufe da toho. Tohon da ganyensa ya baje ya yi rawaya, tsutsa ta taɓa shi. Furen da bakinsa ya murɗe ya ƙi buɗewa, jar tsutsa ce a ciki. Mu in muka ga tsutsa uku a tsiro 25, ko ƙwai ya yawaita, muna cewa a yi feshi cikin kwana biyu. Wanda ba zai iya wannan duba ba, ya fara feshi da furen farko ya riƙa maimaitawa duk mako biyu har ƙwallaye su fara tsagewa.

Sai maganin kansa. Saifametirin da lamda dangi ɗaya ne ko da sunan kwalba ya bambanta, kuma tsutsar auduga a Afirka ta Yamma ta daɗe da fara sabawa da wannan dangi. In sau biyar ɗin nan duk su ka fesa, magani ɗaya ka maimaita. A riƙa sauyawa da wani dangin, irin su emamektin, kuma a karanta sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasan sunan kamfani. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ganyen da ya yi rawaya daga gefe, ya naɗe ƙasa, ya koma ja ya bushe, aikin wani ɗan ƙwaro ne kore mai tsalle da ke zama a bayan ganye yana tsotsa. Ka juya ganyen da safe za ka gan shi yana tafiya a karkace. Wani sabon nau'insa da ya fito daga Asiya ya yi mummunar ɓarna a gonakin auduga na Mali, Burkina Faso da Kwaddibuwa a 2022, kuma yana cin kuɓewa, yalo da yakuwa, saboda haka kada a sa waɗannan a jikin gonar auduga. Maganin tsutsa ba ya yi masa sosai. Ana amfani da masu shiga jikin tsiro irin su asetamifirid ko imidakulofirid, a juya bakin feshi ya bugi bayan ganye, kuma a fara tun ganye yana rawaya. Wanda ya riga ya yi ja ba ya dawowa.

Awo kuma ba da murfin kwalba ake kintata shi ba. Ka auna fili taku goma-goma, wato mita 10 tsawo mita 10 faɗi, ka cika injin goyo da ruwa zalla, ka fesa da irin tafiyar da ka saba, ka ga nawa ya ragu. In lita 2 ce, hektarka tana cin lita 200, wato goyo 12 da rabi na inji mai lita 16. In takardar maganin ta ce mililita 500 a hekta, kowane goyo mililita 40 ke nan. A yi feshi da sassafe bayan raɓa ta ɗauke ko da yamma, ba cikin iska ba, ba kuma hadari na haɗuwa ba.

Abin da muke roƙon kowa shi ne ya sayi maganin feshi huɗu ya ajiye tun kafin shuka. Tsutsa tana zuwa ne a Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aljihu ya bushe. Wanda kuɗinsa na feshin rabin hekta ne, rabin hekta ya kamata ya shuka.

TAMBAYA: Audugata tana wata guda sai sabon ganye ya fara fitowa siriri kamar yatsu, ya murɗe. Ba ƙwaro ko ɗaya. Maƙwabcina shinkafa da masara yake nomawa. (Wani manomi daga Giwa)

AMSA: Wannan tufodi ne, wato maganin ciyawa 2,4-D da ake fesa wa shinkafa da masara. Cikin amfanin gona kaɗan ne ke jin zafinsa kamar auduga. Ta hanya biyu yake zuwa: iska ta kwaso shi daga gonar maƙwabci, ko kuma injin da ka yi feshi da shi an taɓa zuba masa maganin, domin yana maƙalewa a roba da tiyo, ɗauraya da ruwa ba ta fitar da shi duka. Ka duba gonar. In ɓarnar ta fi yawa a gefen maƙwabcin tana raguwa zuwa ciki, iska ce. In ko'ina daidai take, injin ne. Babu maganin da ke warkar da shi. In kaɗan ya taɓa ta kuma tana ƙarama, takan fitar da ganye mai kyau bayan 'yan makonni, amma za ta makara. A ci gaba da kula da ita, kada a ƙara mata yuriya da sunan magani. Mai auduga ya ware injin feshinsa, ya yi masa alama, kada ya ara kada ya bayar aro. Maƙwabci kuma a je masa da lalama tun kafin damina, a roƙe shi ya duba inda iska ta dosa ranar da zai yi feshi. Haka nan gonar da aka zuba wa atarazin da yawa bara, ragowarsa na iya kashe tsiron auduga.

TAMBAYA: Maigidana da yaranmu ke feshi, mu mata mu ke tsinka. Bayan feshi yakan dawo da ciwon kai da jiri, mukan ba shi madara ko manja. Ya isa? (Wata uwargida daga Kudan)

AMSA: Hajiya, bai isa ba, kuma a daina. Madara da manja ba sa karya wannan guba, sa mutum amai kuma na iya tura maganin cikin huhu. Ciwon kai, jiri, yawan gumi, zubar yawu da gani dishi-dishi alamun maganin ya shiga jiki ne, galibi ta fata. A cire masa kayan, ya yi wanka da sabulu, in abin bai lafa ba ko numfashi ya yi nauyi a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, don likita ya san abin da ya taɓa shi. Ranar feshi ya sa riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci, kada ya busa bakin feshi da bakinsa in ya toshe, kada ya ci goro ko abinci sai ya wanke hannu. Yara ƙanana ba sa feshi. Kayan feshin daban ake wanke su, kwalbar kuma a huda ta a binne nesa da rijiya, ba a zuba mai ko gishiri a ciki.

TAMBAYA: Na karɓi iri da taki bashi a hannun wani mai saye, da kaka ya zo ya yanka farashin da ya ga dama, ya cire bashinsa, abin da ya rage bai kai kuɗin masu tsinka ba. Ta yaya mutum zai kare kansa? (Wani manomi daga Kubau)

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Malam. Wannan ita ce babbar kasadar auduga, ta fi tsutsa. Masara in farashi ya faɗi za ka ci, ko ka sayar da mudu-mudu. Auduga ƙofa ɗaya gare ta, gidan gurza. Dā hukumar cinikin auduga ce ke sanar da farashi, har aka rushe hukumomin ciniki a 1986. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka fara da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, su ke shanye yawancin audugar Arewa, yanzu kusan duk sun rufe. Masu sayen da suka rage, a Zariya, Funtuwa, Malumfashi, Gusau da Kano, ba su da yawa, kuma su ma farashin duniya da canjin dala suke kallo. Wannan farashi ba ya zama wuri ɗaya: a Maris na 2011 ya haura dala biyu a kan laba ɗaya ta gurzajjiyar auduga, kafin shekarar ta ƙare ya dawo ƙasa da dala ɗaya.

Saboda haka a san mai saye kafin a shuka, kuma a rubuta. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta wa cinikin da ake biya kafin kaya su zo cewa a san awo, a san siffa, a san lokaci. Takardar ta faɗi kuɗin kowane buhun taki da kowace kwalbar magani a ranar da aka ba ka, domin sau da yawa a nan ake cusa riba. Ta faɗi mafi ƙarancin farashin kilo, da cewa in kasuwa ta haura za a bi kasuwa. Ta faɗi wanda zai tantance daraja ta ɗaya da ta biyu, sikelin da za a yi awo da shi, mai biyan kuɗin mota, ranar biya, da abin da za a yi in fari ko ambaliya ta cinye gonar. A sa ranar da kayan za su iso. Irin da ya zo bayan tsakiyar Yuli bashi ne kawai za ka ɗauka, kada ka karɓa. Mai unguwa ko shugaban ƙungiya ya sa hannu.

Ka yi lissafinka da kilo. Tara duk abin da za ka kashe, har da tsinka da dako, ka raba da farashin kilo na bara. Abin da ya fito shi ne kilon da sai ka samu kafin ka fara cin riba. Yawancin ƙananan manoma ba sa kai tan ɗaya a hekta, alhali Samcot da aka kula da shi yana iya ba da tan ɗaya da rabi zuwa biyu. In lissafinka ya nuna sai ka samu abin da gonarka ba ta taɓa bayarwa ba, ka rage gonar ko ka sauya amfani. Ka kuma sani kilo 100 na audugarka yana ba mai gurza kilo 35 zuwa 40 na zare, sauran yawancinsa angurya ce da yake sayar wa masu mai da masu kiwo, wannan ma hujja ce a wajen ciniki.

Manomi ɗaya da buhu goma ba shi da baki. Mutum talatin da lodin mota suna iya kiran masu saye biyu su taya. Ƙungiya ta mallaki sikelinta, ko a gwada na mai saye da buhun taki na kilo 50 da ba a buɗe ba, a gaban kowa. Ɗaya ɓangaren kuma dole mu faɗe shi: manomin da ya karɓi kaya bashi ya zagaya ya sayar wa wani, shi ke sa masu saye su ƙi bayar da bashi baɗi ko su tsananta sharaɗi a kan kowa.

TAMBAYA: Akwai inshorar auduga kuwa? (Wani matashi daga Zariya)

AMSA: Akwai. Hukumar inshorar aikin gona ta tarayya, NAIC, da wasu kamfanoni suna yi, kuma bashin banki na noma yawanci da ita yake zuwa. Tana ɗaukar asarar fari, ambaliya, gobara, guguwa da annobar ƙwari, kuma galibi kuɗin da ka kashe take mayarwa, ba ribar da ka sa rai ba. Ba ta biyan faɗuwar farashi ko sakaci, kamar makarar shuka da ƙin feshi. Ana yin ta ne a farkon damina. Ka karɓi takardarka a hannu ko da ta ƙungiya aka yi, ka duba wa'adin kai rahoto, ka ɗauki hoto ranar da abin ya faru, kada ka nome gonar sai jami'insu ya gani.

TAMBAYA: Audugata ta yi kyau, amma a wajen awo aka ce ta biyu ce saboda datti da zaren buhu. Kafin nan ma shanu sun shiga sun ci gefe guda. (Wani dattijo daga Anchau)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Duka biyun daga barin auduga ta daɗe a gona suke farawa. Ba a jira ta buɗe gaba ɗaya. A yi tsinka sau biyu ko uku, na farko idan kusan rabin ƙwallaye sun tsage. Audugar da ta daɗe a buɗe ƙurar hunturu na shiga ta, iska ta zubar da ita, jan ƙwaro ya sa mata rawaya. Kuma a lokacin an kwashe dawa da masara an saki shanu a kara, ita kaɗai ta rage a daji. A zauna da ardo da mai unguwa tun Oktoba a sanar da su gonakin da ba a gama ba, maƙwabta kuma su shuka a lokaci ɗaya don su gama tare. Inda hanya ba ta da tsaro, wannan tsinka da wuri ya ƙara zama dole.

A fara tsinka bayan raɓa ta bushe. Kowane mai tsinka ya riƙe jaka biyu, ta fara tas da ta mai tabo, kada a haɗa. Buhun taki da na shinkafa su ne matsalar da aka gaya maka: zarensu na roba yana shiga auduga, injin gurza ba ya iya raba su, rini kuma ba ya kama shi, sai ya fito fari a jikin atamfa. A yi amfani da jakar yadin auduga ko zane, a ɗaure da igiyar auduga. A shanya a kan tabarma ko tamfol, a adana a ɗaki busasshe a kan katako, nesa da murhu, fitila da mai shan taba, domin wuta tana iya ci a cikin tarin auduga ba a gani ba sai ta yi nisa. Masu yayyafa ruwa ko zuba yashi don ƙarin nauyi, algus ne, haramun ne, jiƙaƙƙiyar auduga kuma zafi take ɗauka ta yi rawaya ta ɓata ta kowa a cikin lodin.

Bayan tsinkar ƙarshe a tuge karan duka, a tara shi da ƙwallayen da ba su buɗe ba a ƙone, ko a yi girki da shi ya ƙare kafin bazara. Jar tsutsa a cikin waɗannan ƙwallaye take kwana har damina ta dawo, kututturen da aka bari ya sake toho kuma shi ke ciyar da ƙwari duk rani. Gonar da ta yi auduga bana a ba ta masara ko dawa baɗi, sannan waken suya ko gyaɗa, kafin auduga ta sake komawa.